Kalma ɗaya, aiki biyu: yadda za ka gane aikin after, before, since, until da as a jimlar Turanci

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ya san tambayar nan da ke biyo bayan labarin auna fahimta: a tsamo wani yanki daga labarin, a ce ka faɗi sunansa a nahawu, sannan ka faɗi aikin da yake yi a jimlar. A nan yara da yawa suke zubar da maki, kuma sau tari ba don ba su yi karatu ba. Hadda suka yi. An ba su jeri ɗaya an ce waɗannan su ne *preposition*, an ba su wani an ce waɗannan *conjunction* ne, sai ga *after* a jerin farko, ga ta kuma a na biyu. Haka *before*, haka *since*, *until*, *till*, *as*, *than* da *like*. Hadda ba za ta raba wannan gardama ba, domin kalmar ita kaɗai ba ta da amsa. Amsar tana wajen abin da ya biyo bayanta.

Mu fara daidaita sunaye. Abin da littattafan Turanci ke kira *preposition* zan kira shi ja-gaban suna, saboda aikinsa ke nan: ya shiga gaba, suna ko wakilin suna ya bi shi. *Subordinating conjunction* kuwa mahaɗin dogaro ne, wato mahaɗin da ke ɗauko ganga ya rataya ta a jikin wata babbar ganga, ta zama ba ta iya tsayuwa da ƙafarta. Ganga ita ce tarin kalmomin da ke ɗauke da mai aiki da aikatau. Turawa na ce mata *clause*. Wanda babu irin wannan aikatau a cikinsa yankin jimla ne kawai, *phrase*.

Mataki na ɗaya: fara da abin da bakinka ya riga ya sani

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan harka. Dubi waɗannan:

Zan zo bayan la'asar. Zan zo bayan an idar da salla.
Ya fita kafin azahar. Ya fita kafin liman ya iso.
Ban gan shi ba tun bara. Ban gan shi ba tun da suka ƙaura.
Sun yi hira har asuba. Sun yi hira har gari ya waye.

A jimlar farko ta kowane layi suna ne ya bi kalmar: la'asar, azahar, bara, asuba. A ta biyu kuwa wani abu ne ya faru, an yi wani aiki: an idar, liman ya iso, suka ƙaura, gari ya waye. Kalmar ba ta canja ba, abin da take ja ne ya canja. Kamar mutumin da da safe malamin makaranta ne, da yamma kuma tela: ba a tambayar sunansa don a san wanne ne a cikinsu, hannunsa ake dubawa a ga alli ne ko almakashi.

Turanci ma haka yake. *After* ita ce bayan, *before* kafin, *since* tun, *until* da *till* har ko sai. Idan ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Mataki na biyu: yanke abin da kalmar ke ja

Sa yatsa a kan kalmar, ka karanta gaba har inda maganar da ta ɗauko ta tsaya. Idan yankin a farkon jimla yake, galibi waƙafi zai nuna maka iyakarsa. Idan a ƙarshe yake, aya ce iyakar.

*After the rain, the farmers went out.* Yankin shi ne *after the rain*.
*After the rain stopped, the farmers went out.* Yankin shi ne *after the rain stopped*.

Kalma ɗaya tak ta raba jimlolin nan biyu, *stopped*, kuma ita ce ta sauya komai. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gaggawa. Ido ya ga *after*, ya ga *the rain*, sai hannu ya rubuta ja-gaban suna tun bai kai ga aikatau ba. Ai ganga ma da suna take farawa. Ganin suna a bayan kalmar ba hujja ba ne, sai ka tabbatar sunan nan ba ya da aikatau a gabansa.

Mataki na uku: nemi mai aiki da aikatau mai ɗauke da lokaci

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka za mu ɗan jima.

Toshe kalmar da yatsa, ka karanta abin da ya rage. Idan ya tsaya a matsayin cikakkiyar jimla, kalmar mahaɗin dogaro ce. Idan bai tsaya ba, ja-gaban suna ce. *The rain stopped* jimla ce, ruwa ya ɗauke. *The rain* kuwa suna ne kawai, mai sauraro zai tsaya yana jiran ka faɗi abin da ruwan ya yi.

Idan kana shakkar ko wata kalma aikatau ce mai lokaci, gwada juya ta. *Stopped* tana komawa *stops*, *arrives* tana komawa *arrived*. Wadda ta yarda aka kai ta jiya aka dawo da ita yau ba tare da jimlar ta rushe ba, ita muke nema.

Akwai tarko huɗu a kan wannan hanya.

Na farko, aikatau ɗin da ba na kalmarmu ba. Dubi wannan: *We left after the lecture that the professor gave.* Ga *gave* nan, aikatau mai lokaci, ga mai aikinsa *the professor*. Amma toshe *after* ka karanta: *the lecture that the professor gave*, laccar da farfesan ya gabatar. To, laccar ta yi me? Maganar ba ta cika ba. *Gave* tana cikin wata 'yar ganga ce da *that* ta ɗauko don ta bayyana wace lacca ake nufi. Abin da *after* ke ja shi ne *the lecture*, sauran duk jela ce. Saboda haka ja-gaban suna ce. Da an ce *after the professor gave the lecture*, da ta zama mahaɗi. Tsawon yanki ba ya mayar da shi ganga.

Na biyu, kalmomi masu ƙarewa da *-ing*. *Wash your hands before eating.* *Eating* daga aikatau ta fito, amma a nan aikin suna take yi, kamar yadda muke cewa kafin cin abinci. Ba ta da mai aiki, ba ta ɗauke da lokaci. A nahawun makaranta *before* a nan ja-gaban suna ce. Sai an ce *before you eat* take zama mahaɗi. Wani abin lura game da irin wannan gini: wanda ya yi aikin da ke cikin *-ing* dole ya zama shi ne mai aikin babbar ganga. Idan ka rubuta *After eating, the plates were washed*, ka ce faranta ne suka ci abinci. Gyara shi ne *After eating, we washed the plates*.

Na uku, wakilin suna, wanda a gaskiya taimako ne ba tarko ba idan ka san shi. Turanci yana da siga biyu: *I, he, she, we, they* na mai aiki, da *me, him, her, us, them* na karɓau. Ja-gaban suna siga ta biyu yake ja, mahaɗi kuwa ta farko, tare da aikatau.

*She arrived before me.*
*She arrived before I did.*

Don haka *after him* daidai ne, *after he left* daidai ne, amma *after him left* ba Turanci ba ne. *You* da *it* ba sa canja siga, a wajensu sai ka koma neman aikatau.

Na huɗu, idan babu komai a bayan kalmar. *I have seen this man before.* *He travelled in 2015 and has not written since.* A nan ba ja-gaban suna ba ce, ba mahaɗi ba ce, bayanau ce, *adverb*. Masu shirya tambayoyin zaɓi suna son wannan, domin ɗalibin da ya saba da zaɓi biyu yakan manta akwai na uku.

Mataki na huɗu: san halin kowace kalma

Gwajin da ke sama ya isa ya raba maka aikin biyu. Amma wajen rubutu kowace kalma tana da nata hali, kuma wasu daga cikin halayen nan sun saɓa da na takwarorinsu na Hausa.

*Before* da *after* su ne masu sauƙin kai. Abu ɗaya kawai: idan mahaɗi ne, lokaci kaɗai suke nunawa, amma idan ja-gaban suna ne suna iya barin lokaci su shiga wani fage. *He stood before the judge* a gaban alƙali ne, ba kafin alƙali ba. *She looks after her grandmother* kula take da kakarta. *The dog ran after the thief* bin ɓarawo kare ya yi. Duk inda ka ga ma'anar wuri ko irin waɗannan, ba ka buƙatar dogon bincike.

*Since* kuwa sai an zauna. Tana da ma'ana biyu, kuma Hausa ta yi dace da ita a duka biyun. Akwai tun ta lokaci, akwai tunda ta dalili:

*I have lived in Zaria since 2018.* Ja-gaban suna, lokaci.
*I have lived in Zaria since I finished school.* Mahaɗi, lokaci.
*Since you are here, let us eat.* Mahaɗi, dalili: tunda ka zo, mu ci abinci.

Lura da gurbin da babu kowa a ciki: *since* ba ta nuna dalili idan ja-gaban suna ce. Ba za ka ce *We stayed indoors since the rain* kana nufin saboda ruwa ba. Wanda ya ji zai ɗauka tun lokacin ruwan kake nufi. Saboda ruwa *because of the rain* ne. Wato duk *since* mai ma'anar dalili mahaɗi ce, ba sai ka gwada ba.

Sannan *since* ta lokaci tana son mafarin lokaci ne, ba tsawonsa ba: *since Monday*, *since 2018*, *since morning*. Tsawon lokaci na *for* ne: *for three days*, *for six years*. *Since three days* kuskure ne da ya zama ruwan dare a bakunanmu. Babbar gangar kuma galibi da *have* ko *has* take tafiya: *I have been waiting since noon*, ba *I am waiting since noon* ba. Akwai kuma *I have been here since* da ake ji a Turancin Najeriya da nufin tun ɗazu nake nan. A hira kowa ya gane, a takardar jarrabawa kuwa mai dubawa zai tambaya tun yaushe.

*Until* da *till* abu ɗaya ne. Wasu na zaton *till* guntun *until* ne, alhali *till* ce ta riga zuwa duniya. Wajen rubutu *until* harafin l ɗaya gare ta, *till* biyu. Matsalar Bahaushe da wannan kalma ta fito ne daga faɗin har da sai, waɗanda suka fi *until* yalwa nesa ba kusa ba.

Har tana shiga wuri: na raka shi har kasuwa. *Until* ba ta shiga, lokaci kaɗai ta sani. Sai ka ce *as far as the market* ko *to the market*.

Sai kuma tana ɗauke da korewa a cikinta ba tare da an furta ba. Idan ka ce sai ya zo zan tafi, ma'anar ita ce ba zan tafi ba har ya zo. Turanci yana son a fito da korewar fili: *I will not go until he comes.* Wanda ya bi tsarin Hausa kalma bayan kalma shi ne yake ƙarewa da *Until he comes before I will go*, jimlar da ke da mahaɗai biyu ba ta da babbar ganga ko ɗaya.

Kada kuma ka haɗa *until* da *by*. *The shop is open until six* aiki ne mai ci gaba har ƙarfe shida. *Submit the form by Friday* wa'adi ne, kada a wuce Juma'a. *By* ja-gaban suna ce, ba ta zama mahaɗi; idan kana son ta ja ganga sai ka ce *by the time he arrives*.

*As* ita ce mai fuska da yawa. Idan ja-gaban suna ce, ma'anarta a matsayin: *She works as a nurse*, aikin jinya take yi. Wani lokaci kuma tana nuna zamanin da mutum yake wani abu: *As a child, he herded goats*, yana yaro ya yi kiwon awaki. Idan mahaɗi ce tana iya zama ɗaya daga uku:

*As I was leaving, the phone rang.* Lokaci: ina cikin fita.
*As it was late, we slept there.* Dalili: da yake dare ya yi.
*Do as I told you.* Yanayi: yadda na gaya maka.

A jarrabawa ba ya wadatarwa ka ce mahaɗi ce, sai ka san wace irin ganga ta ɗauko. Dabarar ita ce musanya: sa *while* a gurbinta, in ta zauna lokaci ne; sa *because*, in ta zauna dalili ne; sa *the way*, in ta zauna yanayi ne. A ginin kwatance irin *as tall as*, ta farkon bayanau ce, ta biyun ce ake gwadawa.

*Like* 'yar'uwar *as* ce, amma ba su zama ɗaya ba. *He works as a driver* direba ne. *He works like a driver* ba direba ba ne, kama da direba yake aiki. A Turancin rubutu na ƙa'ida *like* mai ma'anar kamar ja-gaban suna ce: *He talks like his father.* A bakin Turawa kuwa kullum tana jan ganga: *He talks like his father did.* Gardamar ta daɗe. A 1954 wani tallan sigari na Winston a Amurka ya fito da taken *Winston tastes good like a cigarette should*, masu kishin nahawu suka yi ca a kansa cewa *as* ya kamata a sa. Yau ba kowa ke damuwa da wannan a hira ba. Shawarata dai ita ce a insha'i da wasiƙar neman aiki ka rubuta *as his father did*, kuma *as if* a maimakon *like* a jimla irin *It looks as if it will rain*. Ba ka rasa komai ba, kuma ka rufe bakin mai dubawa.

*Than* tana wahalar da mu ta wata hanya dabam, domin Hausa ba ta da kalma a gurbinta, da aikatau muke kwatance: Binta ta fi ni tsawo. Turanci yana da siga uku:

*Binta is taller than I am.* Mahaɗi, babu gardama.
*Binta is taller than I.* Mahaɗi da aka shafe aikatau ɗinsa. Tsohon salo ne, yana da nauyi a kunne.
*Binta is taller than me.* Ja-gaban suna. Shi aka fi ji a magana.

Ta farko ce ba wanda zai ce maka ka yi kuskure. Tana kuma kawar da ruɗani. *He likes football more than me* na iya nufin ya fi ni son ƙwallo, na iya nufin ya fi son ƙwallo a kaina. Bambancin ba ƙarami ba ne, musamman in matar gida ce ke magana. *More than I do* ko *more than he likes me* sun raba gardama.

*For* da *but* ma suna aiki biyu, sai dai a nahawun makaranta idan sun zama mahaɗi ana lissafa su ne cikin masu haɗa ganguna daidai wa daida, tare da *and* da *or*. *Everyone came but Musa* ja-gaban suna ce mai ma'anar ban da. Wannan ya isa a kansu.

Mataki na biyar: ware waɗanda ba sa sauya riga

Da ɗalibi ya gane cewa *after* na aiki biyu, sai ya ɗauka kowace kalma haka take. A'a. Akwai ma'anonin da Turanci ya ba su kalma biyu, ɗaya ta suna, ɗaya ta ganga, kuma ba sa aron aikin juna:

*during the lesson*, amma *while the teacher was talking*
*because of the heat*, amma *because it was hot*
*despite the rain* ko *in spite of the rain*, amma *although it rained*
*in case of fire*, amma *in case there is a fire*

*During he was talking* kuskure ne, *although the rain* ma haka. *Despite of* kuwa babu ita sam, gaurayen *despite* da *in spite of* ce. Idan lallai kana son *despite* ta ja ganga, sai ka yi mata gada da *the fact that*.

Za ka ci karo da *while eating* ko *when travelling*, ka ce to ga *-ing*, ashe su ma ja-gaban suna ne. Gwada su da suna zalla. *After the meal* ta zauna, *while the meal* ba ta zauna ba. Don haka *while eating* gajeriyar ganga ce da aka cire wa *you are* ko *he was*, kuma *while* tana nan a mahaɗinta.

Kuma tunda mun taɓo *although*: a Hausa daidai ne ka ce ko da yake ya gaji, amma ya zo. Turanci ba ya ɗaukar su biyun a jimla ɗaya. Ko dai *Although he was tired, he came*, ko *He was tired, but he came*.

Mataki na shida: rubuta naka

Ganewa dabam, rubutawa dabam. Abu uku za ka kiyaye duk lokacin da ka sa ɗaya daga kalmomin nan ta ja ganga.

Lokaci mai zuwa ba ya shiga gangar lokaci. Ko da gobe ake nufi, bayan *before*, *after*, *until* da *as soon as* sigar yanzu ake sawa: *I will call you after I arrive*, ba *after I will arrive* ba. *Wait until she comes.* Hausa ma ba ta cewa kafin zai zo, kafin ya zo take cewa, don haka kunnenka ya riga ya saba da dokar.

Waƙafi yana bin matsayi. Ganga dogarau in ta zo farko, a sa waƙafi bayanta: *Before the sun rose, they had reached the farm.* In ta zo ƙarshe, galibi ba a sawa: *They had reached the farm before the sun rose.*

Ganga dogarau ba ta zama jimla ita kaɗai. *Until the rain stopped.* da babban baƙi da aya ba jimla ba ce, rabin magana ce. Wannan yana yawan fitowa a insha'i, inda yaro zai sa aya a wurin da ya ja numfashi.

Atisayen da na fi ganin amfaninsa shi ne juyi. Ɗauki jimla mai ja-gaban suna ka mayar da ita mai mahaɗi, sannan ka dawo da ita. *Before his arrival* ta koma *before he arrived*. *Since her marriage* ta koma *since she married*. *Until the end of the match* ta koma *until the match ended*. Wanda ya yi wannan da jimloli goma daga jarida ya fi wanda ya kwana yana haddar jeri. Yana kuma taimakawa a sashen taƙaita labari, inda ake son magana kaɗan mai ɗauke da ma'ana.

Mataki na bakwai: amsa tambayar jarrabawa

A ce an ja layi a ƙarƙashin *after the market closed* a jimlar *The traders went home after the market closed.* Akwai mai aiki, akwai aikatau mai lokaci, ganga ce. Tana amsa tambayar yaushe. Sunanta *adverbial clause of time*, aikinta *it modifies the verb "went"*. Ka ambaci aikatau ɗin da sunansa, kada ka ce tana bayyana aikatau ka yi shiru.

In kuwa *after the meeting* ce, yankin jimla ne. Ta fuskar gini *prepositional phrase* ne, ta fuskar aiki *adverbial phrase*. Bi sunan da littafin makarantarku ke amfani da shi, amma ko kusa kada kalmar *clause* ta fito a amsarka. Ka kuma duba da kyau abin da yankin ke bayyanawa, domin ba kullum aikatau ba ne. A *The day after the wedding was quiet*, yankin *after the wedding* yana gaya mana wace rana ce, wato sunan *day* yake bayyanawa, aikin sifa yake yi.

Wata rana za ka buɗe wani littafi ka ga ya ce *after* ja-gaban suna ce ko da ganga ta bi ta. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya kawo wannan ra'ayi tun 1924, kuma Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum sun bi shi a babban littafinsu na nahawun Turanci da Jami'ar Kambirij ta buga a 2002. Hujjarsu mai ƙarfi ce: *know* tana jan suna a *I know the man*, tana jan ganga a *I know he came*, kuma ba wanda ya ce ta daina zama aikatau, don me *after* za ta sauya aji don abin da ke bayanta ya sauya? Ni ina ganin sun fi gaskiya. Amma ƙamusoshi da littattafan sakandare a kan tsohon rabo suke, kuma da shi za a duba takardarka, don haka a zauren jarrabawa bi na makaranta. Gwajin neman mai aiki da aikatau yana aiki a duka tsarin biyu, domin ko a wajen su Huddleston sai ka san suna ne ya biyo baya ko ganga.

Ga shida ka gwada kafin ka leƙa amsa:

1. *Nobody spoke until the chief sat down.*
2. *She has been ill since the day she returned.*
3. *As the eldest son, he spoke first.*
4. *Lock the gate before going to bed.*
5. *We had never met before.*
6. *As the eldest son spoke, the women wept.*

Ta 1 mahaɗi ce, *the chief sat down* ta tsaya da kanta. Ta 3 ja-gaban suna ce, a matsayinsa na babban ɗa. Ta 6 kuwa da kalmomi iri ɗaya ta fara, amma *spoke* ta shigo kafin waƙafi, ta zama mahaɗin lokaci. Ta 4 ja-gaban suna ce saboda *going*. Ta 5 bayanau. Ta 2 ita ce mai kayar da mutane: ga *she returned* ƙiri-ƙiri, amma abin da *since* ke ja shi ne *the day*, ita kuwa *she returned* tana faɗin wace rana ce, an dai ɓoye *that* ko *when* a tsakaninsu. Ja-gaban suna ce. Cire *the day* ka bar *since she returned*, sai ta koma mahaɗi.